Furfurar Robar Mota: Sababinta da Maganinta

Duk wanda ya lura da motocin da ke kai da kawowa a titunanmu, musamman waɗanda ke wuni a rana su kwana a fili, lalle zai ga baƙar robar da ke jikin bamba, da gindin gilashin gaba, da bayan madubi, da kewayen taya, ta yi furfura ta koma toka-toka, alhali fentin yana nan yana walƙiya. Jama'a kan ɗauka cuta ɗaya ce, amma bisa haƙiƙa cuta biyu ce masu kama da juna, kowace da sababinta, kuma wanda bai rarrabe su ba ya kan ɓarnatar da kuɗinsa a kan maganin da ba nata ba.

Ta farko, wadda ta fi sauƙi, ita ce sauran man goge fenti da ya taɓa robar ya bushe. Galibin wannan mai da kaki ake haɗa shi, mafi shahara kuwa shi ne kakin karnuba, wanda ake kaɗowa daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil. Wani kuma akan ƙara masa gari mai laushi domin ya kankare dattin fenti. A bisa fenti, tun da sumul yake, tsumma kaɗai ya isa ya share shi. Ita kuwa roba, da gangan aka yi fuskarta da kaushi, cike da ƙananan ramuka, to sai kakin ya shige ciki ya daskare ya yi fari, kuma da yake ɗabi'ar kaki ce ƙin ruwa, ko sau nawa aka wanke motar ba zai gushe ba. Alamarsa ita ce zane-zane da dabbare-dabbare a gefen da robar ta haɗu da fenti, inda hannun mai gogewa ya zarce.

Maganinsa bai wuce farar kilina irin ta 'yan makaranta ba, a murza ta a hankali har farin ya fito. Idan ya ƙi, a sami tsohon buroshin haƙori da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a cuɗa cikin ramukan; idan har yanzu da saura, a ɗiga sifirit na kemis a tsumma a goge, bayan an jarraba shi a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Wasu kan shafa man gyaɗa, kuma ba ƙarya suka yi ba cewa mai yana narkar da kaki, sai dai wajibi ne a wanke shi sarai da sabulu, in ba haka ba ɓoye farin kawai ya yi, da man ya bushe zai dawo.

Cuta ta biyu ita ce ta rana, kuma ita ce ta fi yawa a ƙasar Hausa. Hasken rana yana ɗauke da wani kashi wanda ido ba ya gani, wanda idan ya haɗu da iska da zafi, shekara da shekaru, sai ya rinƙa tsinka zaren da aka gina robar da shi, har fuskarta ta ƙone ta zama gari-gari. Wannan ba datti ba ne balle a wanke. Lalacewa ce a cikin zatin robar. Ana gane ta da cewa fatsi-fatsin ya game ko'ina bai ɗaya, ya fi tsanani a sashen da ke fuskantar sama, kuma idan an jiƙa ta sai ta yi baƙi, da ta bushe ta koma yadda take.

A nan ne masu wankin mota ke yawan kuskure, domin sun saba shafa baƙin mai ko man birki, motar ta fito tana sheƙi, mai ita ya biya yana murna. Baƙin mai ƙura yake kamawa, a lokacin hunturu kuwa wuni ɗaya ya isa ya mai da bamba ja. Man birki kuma ya fi muni, saboda yana cin fenti duk inda ya ɗiga. Haka fetur da tina, busar da roba suke yi. Akwai masu gasa ta da wuta ko na'urar hura zafi, ta yi baƙi nan take, amma baƙin ba ya daɗewa, kuma maimaita gashin kan sa ta yi gautsi ta tsage. 

Abin da ke aiki shi ne maganin rini da aka yi musamman domin robar mota, mai ɗauke da baƙin launi wanda ke ratsa fuskar da ta ƙone, a bi bayansa da mai kare ta daga rana. Ana iya tambayarsu wurin masu kayan mota, irin na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Sharaɗinsa shi ne robar ta zama tsarkakakkiya daga kaki da maiƙo, busasshiya sarai, a yi aikin a inuwa, a manna salatif na takarda a kan fentin da ke maƙwabtaka da ita, a shafa kaɗan-kaɗan da soso, a share abin da ya yi yawa, sa'an nan a hana ruwa taɓa ta gwargwadon sa'o'in da aka rubuta a jikin kwalbar. Wadda ta riga ta tsage kuwa sai canji. Ranar da za a sake goge motar da kaki, salatif ɗin nan a kan robar za a fara manna shi, kafin a buɗe gwangwanin.