Ba Kowane Ciwon Ciki Ba Ne Olsa

A garuruwanmu, wanda cikinsa ya daɗe yana kumburi da ƙugi, sunaye uku ake ba ciwonsa: olsa, taifot ko basir. Sai ya yi ta zarya tsakanin kemis da mai maganin gargajiya, alhali kuwa wani lokaci matsalar tana cikin shayi da burodin da yake karyawa da su kowace safiya.

Mu fara da madara. Akwai wani sukari a cikinta da ake kira laktos, kuma hanji na buƙatar wani sinadari mai suna laktas kafin ya narkar da shi. Jariri yana da wannan sinadari isasshe, amma bayan yaye sai ya riƙa raguwa a jikin kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya. Sukarin da bai narke ba yakan gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su ruɓar da shi, sai iska da murɗa da gudawa su biyo baya, yawanci tsakanin rabin awa zuwa awa biyu da sha. Binciken da Norman Kretchmer da abokan aikinsa suka wallafa a 1971 ya nuna yawancin Fulani makiyaya na narkar da madara har girmansu, Yarbawa kuwa kusan dukkansu ba sa iyawa. Abin gado ne. Ko cikin masu matsalar, wani zai sha fura da nono ya kwana lafiya, amma madarar gari ta hana shi sakat: tsamin nono da kindirmo ya riga ya cinye wani kaso na sukarin, man shanu kuma kusan babu shi a ciki.

Zancen alkama ya fi wannan nauyi, kuma shi ya fi damuna. Gulutin sinadari ne da ke cikin alkama da sha'ir, shi ke sa ƙullun fulawa danƙo. Ga mai cutar siliyak, kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya, cin sa na tunzura garkuwar jiki ta far wa bangon ƙaramin hanji, har ya kasa tsotsar abinci. Alamomin kan ɓoye nesa da ciki: ƙarancin jini da ya ƙi jin magani, gajiya, rama, ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwa da gwiwar hannu, ko yaron da ke ci amma ba ya girma. Wani likitan yara a ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura yara masu cutar sun samu sauƙi lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya, suka sake kwantawa da ya dawo. An daɗe ana ɗaukarta cutar Turawa, sai wani bincike na 1999 ya same ta a jikin sama da kashi 5 cikin ɗari na yaran Saharawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya.

Mu kuma cimarmu ta sauya. Inda a da tuwon dawa da gero da masara da acca suka cika akushi, duk babu gulutin a cikinsu, yau burodi da taliya da Indomie da Semovita da fanke sun shiga kowane gida, har ɗanwake ma da fulawa ake haɗa shi.

Gano matsalar madara ba wuya: a bar ta mako biyu, a rubuta abin da aka ci da yadda jiki ya ji, sannan a dawo da ita a gani. Alkama kuwa kada a bar ta kafin a ga likita, domin gwajin jini da na hanji ba sa nuna cutar sai mutum yana cinta. Siliyak kanta na iya hana narkar da madara, don haka wanda ya bar madara amma rama da ƙarancin jini suka ci gaba, ya nemi a yi masa wannan gwajin. In kuma akwai jini a bayan gida, kada a tsaya gwaje-gwajen abinci, a tafi asibiti.