Kaka a Ƙasar Sanyi

A wurinmu mutanen bakin tafkin Kainji, kaka lokacin murna ne. Ruwan sama ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, shinkafa ta nuna a fadama, jirage kuma suna ta sauke kaya a kasuwar Warra. A daidai wannan lokaci ne, wajen ƙarshen Satumba, manyan makarantun Ingila ke buɗewa. Mu da muka taɓa barin gida muka je karatu Landan, mun ga ya kamata mu faɗa wa ƙannenmu da iyayensu abin da muka tarar, domin wanda zai bi bayanmu ya tafi da shiri.

Sa'ad da muka sauka, sai muka ga kamar ba wani bambanci. A ƙarshen Satumba tsawon yini a can awa 12 ne, kamar na Yauri. Ashe yaudara ce. Daga nan kullum yini yana raguwa da kusan minti 4. Kafin Kirsimati hasken rana bai kai awa 8 ba. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta fāɗi. Dalili kuwa shi ne, ƙasarmu tana kusa da tsakiyar duniya, tasu kuwa tana can arewa da nisa. A gida bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba.

Akwai kuma wani abin mamaki. Ranar Lahadi ta ƙarshe a watan Oktoba, da tsakar dare, sukan mai da agogon ƙasar duka baya da awa ɗaya. Kafin ranar, agogonsu da na Nijeriya ɗaya ne. Bayanta kuwa Nijeriya tana gaba da awa ɗaya, har ƙarshen Maris. Shekararmu ta fari ba wanda ya faɗa mana. Muka bi agogon hannu muka tafi sujada, muka tarar da ƙofar majami'a a kulle, muka tsaya cikin yayyafi awa guda muna zaton an fasa taron ne.

Sanyin kaka na can ba irin na hunturunmu ba ne. Namu busasshe ne, da hantsi ya yi sai ya sake ka. Nasu da laima yake zuwa, ga yayyafi, ga iska, yini guda ba ka ga rana ba. A watan Nuwamba ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 10 da rana, alhali mun saba da 40 a bazara. Ganyen itatuwa ya yi ja ya zube. Ɗayanmu har ya tambaya wace cuta ce ta kama itatuwan gari.

Amma abin da ya fi sanyi wuya shi ne sha'anin zama. A gida rana ce da jama'a suke tsara mana yini. Zakara ya yi cara, masunta sun koma daga ruwa, an ɗora tukunya, maƙwabci ya yi sallama. A can ba mai tashinka, ba mai tambaya ko ka ci abinci. Malami yakan shiga aji daidai minti, mota kuma ba ta jiran kowa. Wani ɗan'uwanmu da ya ga duhu ya yi tun da yamma sai ya kwanta, ya farka tsakar dare, gari ya waye yana gyangyaɗi. Ya daina zuwa aji, ya daina fita, ya rame, yana jin kunyar faɗa wa kowa. Saura kaɗan shekarar ta lalace masa, da kuɗin shanun da mahaifinsa ya sayar. Wata tsohuwa ce a majami'a ta lura ba ta gan shi ba Lahadi uku, ta je ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, ta raka shi wurin likita.

Daga nan muka koyi cewa tilas mutum ya kafa wa kansa ka'ida. Mu tashi ƙarfe 6 ko da duhu, mu yi addu'a, mu karya kumallo da abu mai zafi. Da tsakar rana mu fita mu taka ƙasa minti 30 don mu sami haske. Mu sa riga bisa riga maimakon babbar riga guda, gama cikin aji akwai ɗumi. Ran Asabar mu dafa miyar mako mu ajiye a firiji. A unguwar Peckham akwai kantunan da ke sayar da kayan miya irin na gida. Hukumar lafiya ta ƙasar tana ba da shawara kowa ya riƙa shan bitamin D daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata kuwa duk shekara, domin hasken rana ne ke sa jiki ya yi shi.

Yanzu kuma ga namu roƙo gare ku, iyaye. Ku koya wa 'ya'yanku maza tuƙa tuwo da wanki tun suna gida. Ku sa rana guda a mako ta yin waya, ku riƙe ta. In kun kira, ku tambayi yaro ko yana barci, ko yana ci, ko yana da abokin hira, kafin ku kawo maganar kuɗi. Doka ba ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aikin albashi fiye da awa 20 a mako ba lokacin karatu, abin da ya samu kuwa haya da abinci sukan cinye. In ya ce yana cikin damuwa, kada ku ce ragwanci ne.

Sabon wuri ba baƙon abu ba ne gare mu. A 1968, da aka gama madatsar Kainji ruwa ya hau, mutum sama da 40,000 suka bar gungu da garuruwansu suka koma sababbin gidaje. Iyayenmu sun sha wuya kafin su saba, amma sun saba, domin sun riƙe juna. Haka mu ma. Da watan Maris ya kama, itatuwan nan da muka ɗauka sun mutu suka fara toho.

Idan kuna da ɗa ko 'ya a ƙasar sanyi, ku tuna da shi ranar godiyar kaka sa'ad da kuke kai damin dawa majami'a. Da kun koma gida kuma ku kira shi. Allah ya kai su lafiya, ya komo mana da su lafiya.