Saƙon da ke tura yaranmu kama jemage

Sau uku saƙon nan ya shigo wayata cikin mako guda. Na ƙarshen daga gwaggona ne da ke Baturiya, ta haɗa da cewa, "Ɗana, saurara mini wannan, hankalina ya tashi." Muryar wani namiji ce, bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, sai rantsuwa yake yi cewa jemagu sun shigo ƙasar Haɗejiya da annoba, don haka kowane gida a tashi a kashe su, a yi musu hayaƙi, a bi su har kan bishiya. Ban ga laifin gwaggo ba. Duk wanda ya taɓa kwana yana jin motsi da tsuwa a cikin silin ya san tsoron nan. Mai muryar ne nake jin haushinsa, domin maganarsa ta riga ta fara raunata yara.

Yawancin abin da ya faɗa bai kai a tsaya a kansa ba. Wai jemage na shan jinin mai barci: masu shan jini nau'i uku ne kacal a duniya, dukansu a nahiyar Amurka. Wai ta baki yake kashi: 'ya'yan itace yake taunawa, ya tsotse ruwan, ya furzar da sauran. Wai shi ke kawo zazzaɓin Lassa: wannan aikin ɓera ne, ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci, kuma a garin Lassa na jihar Borno aka fara gano cutar a 1969. Mai tsoron Lassa ya rufe hatsinsa da kwanonsa.

Umarnin kisan shi ne masifar. Gaskiya ce wasu jemagu na ɗauke da ƙwayoyin cuta. A 1956 an gano wata ƙwaya, dangin ta haukan kare, a jikin babban jemage mai cin 'ya'yan itace a Legas, kodayake ba a taɓa samun rahoton ta kama mutum ba. Wata 'yar'uwarta kuwa ta yi kisa: a 2007 jemage ya karci wata mata 'yar ƙasar Holan a fuska a Kenya, ta koma gida ta rasu. To amma ta ina irin wannan cuta ke shiga jiki? Ta cizo da yakushi, ko yawun dabbar ya taɓa buɗaɗɗen ciwo. Jemagen da ke rataye a kan mangwaro ba ya cizon kowa. Wanda aka harbo da danƙo, ya faɗo yana fafutuka, aka kai hannu aka damƙe, shi ne mai cizo. Saƙon nan ya ɗauki hannun yaro ya kai shi daidai bakin haɗarin.

An ma taɓa gwada wannan shawara. A ramin haƙar ma'adinai na Kitaka da ke Uganda, cutar Marburg ta kama ma'aikata a 2007. Shekarar da ta biyo aka toshe ƙofofin ramin, aka kashe jemagu dubbai. Wasu suka zo suka maye gurbinsu, kuma da masu bincike suka auna, sai suka tarar rabon masu ɗauke da ƙwayar ya ninka fiye da sau biyu. A 2012 cutar ta ɓarke a garin Ibanda da ke kusa. A Najeriya ba a taɓa samun ɓarkewar Marburg ba, kuma Ebolar 2014 matafiyi ne ya shigo da ita Legas ta jirgin sama daga Laberiya.

Akwai kuma asarar da mai muryar bai lissafa ba. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemagu ne ke bin sa suna kai garin fure daga bishiya zuwa bishiya, haka ma ɗorawa da muke daddawa da kalwarta. Ƙananan na cikin rufi kuwa ƙwari suke ci tun magariba, a fadamar Baturiya da kowa ya san yawan sauronta.  Yawancin jemagu ɗa guda suke haifa a shekara, saboda haka ɓarnar yini ɗaya sai ta ɗauki shekaru ba ta gyaru ba.

Idan jemage ya shigo ɗaki, a fitar da yara, a buɗe taga da ƙofa, a kashe fitila, zai nemi hanya. Wanda ya mutu a kwashe shi da shebur a binne. Kashinsa da ya taru a silin a yayyafa masa ruwa kafin shara, a rufe hanci, domin ƙurarsa na iya cutar da huhu. Ramukan da suke shiga a toshe su bayan sun fita kiwo da dare, a kuma lura kada a rufe da 'ya'yansu a ciki.

Da na kira gwaggo, sai ta ce jikanta ya riga ya kamo guda da yamma, har ya cije shi a babban yatsa. Ciwon kamar tsinin allura ne, ta ce, ko jini bai yi ba, ta shafa masa toka. Na ce, "Gwaggo, don Allah a wanke yatsan yanzu da sabulu da ruwa mai yawa, minti 15 cur, a kai shi Babban Asibitin Haɗejiya a faɗa musu cizon jemage ne, a nemi allurar rigakafin haukan kare." Ƙanƙantar ciwon ba hujja ba ce, haƙoran jemage sirara ne, kuma irin wannan cuta da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira. Ta yi shiru, sannan na ji tana ƙwala wa yaron kira, tana cewa a kawo buta da sabulu.