Gida mai araha ko makaranta mai suna: lissafin da ke hana ƴan Nijar mazauna Amurka barci

Wanda ya tashi sayen fili a Yamai ko Maraɗi ya san tambayoyin da zai yi wa dillali. Takardu sun cika? Wuta da pampo sun iso? Ruwa na kwanciya da damina? Zancen lakwal kan zo daga ƙarshe, in ma ya zo, domin uban da ke da hali zai sa ɗansa duk makarantar da ya ga dama, ko da a wancan gefen gari take, babur ko adaidaita ya kai shi ya maido.

A Amurka ba haka abin yake ba. Duk wanda ya buɗe shafin Zillow ko Redfin yana duba gidan sayarwa, a ƙarƙashin hotunan ɗakuna zai tarar da sunayen makarantu uku, firamare da kwaleji da lise, kowace da maki daga 1 zuwa 10 a gefenta. Su ne makarantun gwamnatin da aka yanka wa wannan adireshi. Ranar da ka sa hannu a takardar gida, ka zaɓa wa ƴaƴanka malamai da abokan karatu na shekaru, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Wannan lissafi yanzu ya iso ƙofar ƴan Nijar da suka daɗe a can, musamman a birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa inda suke da yawa, da kuma unguwar Bronx a New York. Da yawansu sun je ne da niyyar shekara biyu ko uku, su tara abin da ya samu su gina gida a ƙasa. Sai aure ya zo, ƴaƴa suka zo, kuɗin haya yana ta hawa.

Abin da ya ɗaure gida da makaranta

Amurka na da gundumomin makarantu kusan dubu 13, kowace da hukumarta da kasafinta. Gwamnatin tarayya ba ta bayar da fiye da kimanin kashi 10 cikin 100 na kuɗin makarantun gwamnati a shekarun da babu wani tallafin gaggawa. Sauran jiha da ƙananan hukumomi ke raba shi kusan daidai, kuma kason ƙananan hukumomi galibi daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Inda gidaje ke da tsada haraji na shigowa da kauri, makaranta ta samu gini da kayan aiki da albashin da zai riƙe malami. Makaranta ta yi suna, masu kuɗi su yi rububin gidajen da ke kewaye da ita, farashi ya ƙara tashi.

An taɓa kai wannan tsari gaban Kotun Ƙolin ƙasar. A shekarar 1973, a ƙarar da iyayen wata unguwar talakawa ta San Antonio a jihar Texas suka shigar, alƙalai biyar cikin tara sun ce tsarin bai saɓa wa kundin tsarin mulkin tarayya ba. Tun daga nan kowace jiha ke nata gyara. Shi ya sa bambancin bai zama ɗaya a ko'ina ba. Jihar New Jersey na da gundumomi kusan 600 da harajin gida mafi tsada a ƙasar, ƙetare titi ɗaya kan iya sauya komai. A Greensboro kuwa gunduma ɗaya ce ta haɗe duk ƙaramar hukumar Guilford, kuma jiha ce ke biyan kaso mafi girma. Amma ko a can an raba unguwanni, kowace da makarantar da take ɗiba, kuma sunan makarantun ba ɗaya ba ne a bakin iyaye.

Masana sun auna nawa wannan suna ke ƙarawa a kan farashi. Sandra Black, a binciken da ta wallafa a 1999, ta kwatanta gidajen da ke fuskantar juna a kan iyakar makarantu biyu a kewayen birnin Boston. Ta gano cewa idan sakamakon jarrabawar makaranta ya ɗara da kashi 5 cikin 100, kuɗin gida kan ɗara da kimanin kashi 2.5. Cibiyar Brookings kuma a 2012 ta ce a manyan birane 100 na ƙasar, zama kusa da makaranta mai babban sakamako na cin ninki 2.4 na abin da ake kashewa kusa da mai ƙaramin sakamako, ƙarin kusan dala dubu 11 ke nan a shekara. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ita kanta darasi ce. Na biyun ya haɗa da girman gidajen da kyan unguwar, na farkon ya ware makarantar ita kaɗai.

Mu sa shi a sefa

A ɗauki misalin magidanci mai ƴaƴa uku, yana tuƙin mota, uwargida na aikin kitso. Sun ga gidaje biyu masu ɗaki uku uku. Ɗaya dala dubu 300, makarantarsa na da maki 4. Ɗayan dala dubu 360, makarantarsa na da maki 8. Kuɗin ruwan bashin gida na shekara 30, wanda ya yi ƙasa da kashi 3 cikin 100 a 2021, ya haura kashi 7 a ƙarshen 2023. A kan kashi 7, ƙarin dala dubu 60 ɗin nan na nufin kusan dala 400 kowane wata, kusan dala dubu 144 kafin a gama biya. In harajin gida kashi 1 ne, sai a ƙara dala 50. Dala 450 a wata ta kai kusan jika 250 na sefa, wato mafi ƙarancin albashi na kusan ma'aikata shida a Nijar, tun da jika 42 ne tun farkon 2024.

A gidaje da yawa wannan shi ne daidai kuɗin da ake aikawa Tawa ko Damagaram duk wata, na cefanen tsohuwa da makarantar ƙanne da buhun simintin ginin da aka fara shekara biyar bai kai linta ba. Magidancin ba tsakanin gida biyu kaɗai yake zaɓi ba, tsakanin ƴaƴan da ya haifa ne da gidan da ya haife shi. Kuma masu guje wa riba, waɗanda ke bi ta kamfanoni irin su Guidance Residential da ke saye tare da mutum yana fansar kasonsu a hankali, su ma ba su tsira ba, domin abin da ake biya a wata yana bin farashin gidan ne.

Masu goyon bayan gida mai tsada suna da hujja mai ƙarfi. Makarantar kuɗi ana biyanta ne a kan kowane yaro, kuma abin da aka biya ya tafi ke nan. Ƙarin kuɗin gida kuwa sau ɗaya ne ko ƴaƴa nawa gare ka, kuma yawanci yana dawowa ranar da aka sayar. Akwai kuma binciken Raj Chetty da abokan aikinsa na jami'ar Harvard, wanda ya bi sawun iyalan da gwamnati ta taimaka wa suka bar unguwannin talauci a shekarun 1990. Yaran da aka ƙaurar da su kafin su cika shekara 13 sun girma suna samun kuɗin da ya ɗara na takwarorinsu da kimanin kashi 31 cikin 100. Waɗanda aka ƙaurar bayan sun wuce wannan shekaru ba su ga wannan riba ba. Ke nan mai ɗan shekara biyar da mai ɗan shekara goma sha shida ba lissafi ɗaya za su yi ba.

Makin nan, me yake aunawa?

A nan ne ya kamata mai saye ya ja birki. Makin da ake gani a shafukan dillalai na wata ƙungiya ce mai suna GreatSchools, ba na gwamnati ba. Shekaru da dama ya fi dogara ne da sakamakon jarrabawar jiha, shi kuwa sakamakon jarrabawa yana bin aljihun iyaye da karatunsu kamar inuwa. A 2019 jaridar ilimi ta Chalkbeat ta nuna cewa makarantun da ke da yawan ƴaƴan talakawa da baƙaƙen fata da ƴan asalin Latin Amurka na samun ƙaramin maki ko da kuwa yaransu na ci gaba sosai. Shekara ɗaya bayan haka ƙungiyar ta gyara ma'auninta, ta ƙara wa ci gaban ɗalibi nauyi.

Bambancin yana da muhimmanci. Makarantar da ta karɓi ƴaƴan likitoci da suka iya karatu tun a gida za ta fitar da sakamako mai kyau ko malamanta sun yi barci. Wadda ta karɓi yaron da bai jin Ingilishi ta kai shi sahun tsaransa cikin shekara biyu ta fi ta aiki, amma makinta na iya tsayawa a 4. Sean Reardon na jami'ar Stanford ya nuna haka a 2017: ɗaliban makarantun gwamnati na Chicago, waɗanda ake yi wa kallon koma baya, sun yi karatun shekara shida cikin shekara biyar, abin da ya fi na mafi yawan gundumomin ƙasar. Jihohi da dama, har da Karolina ta Arewa, suna wallafa wannan ma'auni na ci gaba daban a takardar kowace makaranta. Kyauta ne, amma sai wanda ya nema.

Kada kuma a jira dillali ya faɗi gaskiyar makaranta. Dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968 ta haramta karkatar da mai saye zuwa wata unguwa saboda launinsa ko addininsa ko asalinsa, don haka dillalai da yawa sun gwammace su nuna maka shafin intanet su yi shiru.

Akwai abubuwan da babu makin da ke nuna su. Uban da ya ƙara aikin dare don ya biya dala 450 ɗin nan, yaushe zai duba littafin ɗansa? Unguwannin da makarantunsu suka yi suna galibi suna bayan gari, nesa da masallaci da islamiyyar ƙarshen mako da maƙwabciyar da za a bar wa yara in aiki ya riƙe uwa. Yarinya mai ɗankwali na iya zama ita kaɗai irinta a aji. Wasu yaran hakan bai dame su ba, wasu kuwa yana cin su a rai ba su faɗa. Sannan iyakokin makarantu ba a dutse aka sassaƙa su ba. Hukuma na sake yanka su in jama'a ta ƙaru, kuma ƙaramar hukumar Wake da ke wannan jiha ta yi ƙaurin suna wajen sauya wa yara makaranta. Mutum na iya sayen maki 8 ya wayi gari a maki 5, bashin kuwa na nan yadda yake.

Adireshin kawu

Dabarar da ke fara zuwa wa ɗan Nijar a rai ita ce wadda ya saba da ita, a rubuta yaro da adireshin kawu ko gwaggo. A gida wannan zumunci ne. A can laifi ne da ke iya kai mutum kotu. A 2011 an ɗaure wata uwa a birnin Akron na jihar Ohio kwana tara saboda ta sa ƴaƴanta mata biyu a makarantar wata gunduma da adireshin mahaifinta, bayan gundumar ta sa mai bincike ya bi sawunta. Daga baya gwamna John Kasich ya sassauta laifin. Ɗauri ba kasafai yake faruwa ba, an fi korar yaro ko neman a biya kuɗin karatun, amma ga wanda takardun zamansa ba su gama daidaita ba, tsayawa gaban alƙali kaɗai babbar masifa ce. In da gaske yaro zai koma hannun ɗan uwa, sai an yi takardar riƙo yadda gundumar ta tanada.

Abin da doka ta bayar a fili ya fi wannan. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982, kowane yaro na da haƙƙin shiga makarantar gwamnati kyauta ko iyayensa na da takardu ko babu. Gundumomi da yawa, har da Guilford, suna da makarantu na musamman da ake nema daga kowace unguwa, sau da yawa ta hanyar ƙuri'a, sai dai ana rufe rajista watanni kafin komawa makaranta a ƙarshen Agusta. A New York shiga lise ba ta dogara da unguwa kamar firamare ba, kuma manyan makarantu irin su Stuyvesant da Bronx Science jarrabawa ce ke kai yaro.

Ƴan uwanmu na Faransa ma sun san wannan ciwon kai, domin tun 1963 ake raba yara makarantu da taswirar unguwa. Gabrielle Fack da Julien Grenet sun gano a 2010 cewa sunan kwaleji na ɗaga farashin gida a Paris, amma tasirin na dushewa a unguwannin da makarantun kuɗi suka yi yawa. Kusan dalilin da ya sa ba a jin wannan zance a kasuwar filayen Yamai ke nan.

Ɗan haya kuwa haƙƙinsa ɗaya da mai gida. Takardar haya da ta wuta ko ta ruwa masu sunansa sun isa a rubuta yaro a makarantar unguwa. Shi ya sa wasu iyalai ke kama ƙaramin gidan haya a yankin da suke kwaɗayi na shekara ɗaya, su ga yadda yaran suka zauna da malaman, kafin su bayar da kafin alƙalami. Wanda kuma ya riga ya yanke shawarar saye, ofishin gundumar ne kaɗai ke iya tabbatar masa da makarantar da adireshin ya faɗa, domin shafukan dillalan su da kansu suna rubutawa a ƙasa, da ƙananan haruffa, cewa ba su ɗauki alhakin kuskure ba.