Yadda Ake Ceto Hotunan Tsofaffin Fayafayan Bidiyo Kafin Su Ruɓe

A cikin shekarar 1986 ne gidan rediyo da talabijin na BBC ya kammala wani gagarumin aiki don tunawa da cika shekara 900 da rubuta littafin Domesday, watau littafin ƙidayar ƙasa da dukiya wanda Sarki William na Ingila ya sa aka yi a 1086. Mutane fiye da miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan makaranta, suka rubuta labarin garuruwansu, aka haɗa da hotuna da taswirori, aka zuba a kan fayafayai biyu irin waɗanda ake kira LaserDisc. Ba a yi shekara ashirin ba sai ga shi injin da zai karanta su ya yi wuyar samu, alhali kuwa littafin 1086 da aka rubuta a kan fata yana nan a ma'adanar tarihi ta Kew ana karanta shi. Sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka tashi tsaye kafin a 2002 aka sake ganin abin da ke cikin fayafayan a kan kwamfutar zamani.

Shi dai wannan faifai an fara sayar da shi ne a birnin Atlanta na Amurka cikin watan Disamba na 1978. Faɗinsa santimita 30 ne, kamar babban faifan garmaho, yana walƙiya kamar madubi, kuma hasken lesa ne ke karanta shi. Masu karatu kada su ɗauke shi babban wan DVD, domin hoton da ke cikinsa na tsohon zubin analog ne, irin siginar da tashar talabijin ta da ke watsawa. Saboda haka ba a iya kwafe shi kai tsaye kamar yadda ake kwafe takarda a kwamfuta. Dole ne a kunna shi, a tari siginar, a auna ta, a mayar da ita lambobi.

Lokaci kuwa yana ƙurewa. Kamfanin Pioneer ya daina ƙera injinan kunna faifan tun 2009. Har ila yau wasu fayafayan suna kamuwa da abin da ake kira ruɓewa, inda iska ke shiga ta cinye alminiyam ɗin da ke ciki, sai hoto ya cika da ɗigo-ɗigo masu launi. Faifan da ya yi kyau bana ba lalle ne ya yi baɗi ba. Wannan ne ya sa masu adana tarihi suka tsaya a kan ƙa'ida guda: kwafi na farko a ɗauke shi ɗungurungum, kada a rage kome, kada a gyara kome. Duk wani gyara sai a kan kwafi na biyu.

GIRMAN HOTO DA SAURINSA

Abu na farko shi ne a san tsarin da aka buga faifan a kai. Na Amurka da Japan tsarin NTSC ne, mai hoto 29.97 a daƙiƙa, ana ɗaukarsa da ɗigo 720 a kwance da layi 480 ko 486. Na Ingila da yawancin Turai tsarin PAL ne, irin wanda talabijin ɗin Nijeriya ya bi, mai hoto 25 a daƙiƙa, ɗigo 720 da layi 576. Waɗannan ma'aunai sun fito ne daga ƙa'idar duniya mai lamba 601 wadda aka amince da ita a 1982. Kada a bari inji ya juya wani tsari zuwa wani, kuma kada a kumbura hoto zuwa layi 1080 a lokacin ɗauka, gama ba a ƙara masa kome ba sai nauyi.

Daɗin daɗawa, kowane hoto rabi biyu ne a saƙe. Rabin farko yana ɗauke da layi na 1 da na 3 da na 5 har ƙasa, na biyun kuma layi na 2 da na 4 da na 6. Ke nan a tsarin PAL ido yana ganin motsi sau 50 a daƙiƙa. Ƙananan na'urorin ɗauka masu araha sukan jefar da rabi ɗaya, ko su dama biyun wuri guda. Abin da aka jefar a nan ba ya dawowa, don haka a kashe wannan saiti, a bar hoto a saƙe yadda ya zo.

HASKE DA LAUNI

Na'ura mai aiki da bit 8 tana raba haske mataki 256, mai bit 10 kuwa mataki 1,024. A ma'aunin bit 8 baƙi yana zaune a kan 16, fari a kan 235, kuma wajibi ne mai ɗauka ya duba ma'auni tun kafin ya fara, domin idan fari ya wuce iyaka sai farar riga ta zama fili fetal babu ko alamar ɗinki. Bit 10 ya fi ba da sararin gyara daga baya. A lura kuma cewa baƙin fayafayan Amurka a ɗage yake da kashi 7.5 cikin ɗari, na yawancin fayafayan Japan kuwa a kan sifiri yake. Wanda ya rikita su zai sami hoto fari-fari kamar an yi hazo, ko kuwa mai duhun da ya haɗiye fuskoki. Shi kuma launi a ɗauke shi a ma'aunin 4:2:2.

Akwai wani wuri inda mutane da yawa ke ruɗewa. Sun saba jin cewa wayar S-Video ta fi waya mai kai ruwan ɗorawa kyau. A kan wannan faifai ba kullum haka abin yake ba, domin haske da launi a gauraye suke tun a jikin faifan, sai an tace su. Idan aka bi ta S-Video, matatar tsohon injin ce ta yi aikin. Idan aka bi ta ɗayar wayar, matatar na'urar ɗauka ce za ta yi. Sai a gwada duka biyun a kan hoto mai ƙananan zane-zane, a zaɓi wadda ba ta barin ɗigo yana rarrafe a gefen launi. Haka nan a kashe duk maɓallin rage hayaniyar hoto da na ƙara kaifi, kada garin neman gira a rasa ido.

MURYA DA MA'AJIYA

Faifan NTSC yana iya ɗaukar murya iri biyu, ta analog da ta dijital mai awo 44,100 a daƙiƙa kamar ta CD. Sau da yawa akan sa muryar fim a ta dijital, a sa sharhin masu fim a ta analog. Kamfanin Criterion ne ya fara wannan al'ada ta sharhi a kan fim ɗin King Kong a 1984, kuma wasu sharhohin ba a sake buga su a wani wuri ba. Saboda haka a ɗauki kowace murya daban. Ta dijital a fitar da ita ta wayarta yadda take, kada a canza mata awo. Ta analog kuma a ɗauke ta da awo 48,000 da bit 24.

Wajen ajiya, sa'a ɗaya ta hoton bit 10 wanda ba a matse ba tana cin kusan gigabait 100. Akwai hanyar matsewa mai suna FFV1 wadda ke rage wannan zuwa wajen rabi ba tare da ta zubar da ko ɗigo ɗaya ba, ita ce kuma ma'adanai da yawa suka runguma. Irin matsewar da ake yi wa bidiyon waya tana zubar da abubuwa, don haka a bar ta ga kwafin kallo. Kwafin asali a ajiye shi a wuri biyu.

Aikin Domesday ya kuma haifar da wata sabuwar hanya. Wani mai suna Simon Inns ya ƙera na'urar Domesday Duplicator, wadda ke tarar sigina tun daga idon lesa kafin tsohon injin ya taɓa ta, tana auna ta sau miliyan 40 a daƙiƙa da bit 10. Sa'a ɗaya tana cin gigabait 180 kafin a matse. Daga nan manhajar ld-decode, wadda Chad Page ya fara, ita ke fitar da hoto da murya. Amfanin wannan shi ne duk ranar da aka sami matata mafi kyau sai a sake tacewa ba tare da an koma ga faifan ba, kuma idan an sami kwafi da yawa na faifai ɗaya ana iya cike ɓarakar wannan da lafiyayyen wurin wancan.

A nan gida wannan faifai bai yi kasuwa ba, kaset ɗin bidiyo ne ya yi, sa'an nan VCD. Shi VCD na dijital ne, kwafe shi kurum ake yi. Amma kaset na analog ne, kuma waɗannan ƙa'idodi sun hau kansa, sai dai yana bukatar na'urar daidaita layukan hoto saboda rawar da zarensa ke yi. Fina-finan Hausa na farko, tun daga Turmin Danya na 1990, da shirye-shiryen tashoshin talabijin na wancan zamani, a kan kaset aka ɗauke su. Wanda aka ba amanar juya su ya tuna cewa mai yiwuwa sau ɗaya tak zai samu ya kunna wani kaset lafiya. Ya duba saitinsa tun kafin ya danna maɓalli. Allah Ya sa mu dace.