TAƁON DA A KE SAYE DA DALA: MAGANI NE KO ZAƘIN BAKIN TALLA?

Daga Wakilinmu, Ikko

Kwanan baya na kai wa wani ɗan garinmu ziyara a wani babban gida da ya ke aiki a Ikoyi. Aikinsa ba gadi ba ne, ba kuma tuƙi ba. Wani akwatin gilashi aka danƙa masa, mai tsawon gado, cike da ruwan gishiri da kifaye masu launi iri-iri da murjani mai rai. Na tarar da shi ya yi tagumi, domin murjanin ya soma koɗewa, maigidan kuwa ya ce in abin ya mutu sai ya nemi wani aikin. Wani dillali ya ba su shawara su aika Amurka a sayo wani irin taɓo, wai da an zuba shi magana ta ƙare.

Ya dube ni ya ce, "Malam, taɓo fa! Irin wanda mu ke kankarewa daga takalmi a kasuwar Mile 12 da damina?" Wannan tambaya ita ta sa na bi diddigin maganar.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san mene ne murjani. Yawancinmu a wuyan amare muka san shi, ko a jikin sarakunan Bini. To, asalinsa ba dutse ba ne. Wasu 'yan ƙananan halittu ne na teku su ke zuƙar sinadarin kalsiyam daga ruwa su gina wa kansu gida mai tauri. Jan da a ke yin tsakiya da shi, daga Bahar Rum aka fi samo shi. Akwai kuma wanda ke yin tsauni guda a ƙarƙashin ruwa, kamar na Bahar Maliya, wanda da duwatsunsa aka gina tsofaffin gidajen Jidda da na Sawakin. Irin wannan na biyu shi ne masu sha'awa a Turai da Amurka da Asiya su ke kiwo a akwatunan gilashi.

Kiwon nan kuwa yana da wuya ƙwarai. A cikin jikin murjani akwai wasu ƙwayoyin tsiro da ido ba ya gani, su ke sama masa abinci daga haske, su ne kuma su ke ba shi launi. In ruwa ya yi zafi ainun, ko ya gurɓata, sai ya kore su, ya yi fari fat. Yana son gishiri kamar giram 35 a kowace lita, da ɗumi wajen digiri 25 zuwa 27. Sa'an nan ga kashin kifi da sauran abinci, waɗanda ke ruɓewa su zama guba mai suna amoniya. Ƙwayoyin bakteriya su ke juya ta ta koma naitiret, wanda shi ma in ya taru ya kan jawo gansakuka ta shaƙe murjanin. A teku yawan ruwa ke tafiya da wannan dauɗa. A akwati kuwa sai mai kiwo ya san yadda zai yi da ita.

Nan ne taɓo ya shigo kasuwa. A shekarun 1990 wani mutum a Kalifoniya mai suna Leng Sy ya fito da wata dabara, kamfaninsa EcoSystem Aquarium ya shiga sayar da wani taɓo da aka raɗa wa suna Miracle Mud, watau taɓo mai abin al'ajabi. Daga baya wasu suka biyo sahu da nasu, irin su Fiji Mud da Mineral Mud. Ba a cikin babban akwatin a ke zuba shi ba. A kan ajiye wani ƙaramin akwati a ƙasa, a shimfiɗa taɓon, a dasa ciyawar teku a kai, a kunna mata fitila dare da rana, ruwa kuma ya riƙa zagayawa tsakanin akwatunan biyu. Masu sayarwa suka ce taɓon yana sakin sinadaran da murjani ke bukata a hankali, yana tsabtace ruwa, yana ƙara wa kifi lafiya da launi. Suka kuma ce a riƙa kwashe rabinsa ana zuba sabo lokaci-lokaci. Ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan: ciniki ne wanda ba ya yankewa.

To, mene ne gaskiyar lamarin? Ba za a ce duk ƙarya ba ce. Taɓo yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, ciyawar teku kuwa tana son ƙarfe, ga shi ya yi ƙaranci a ruwan teku. Har wa yau, can ƙasan taɓo inda iska ba ta kaiwa, akwai bakteriyar da ke juya naitiret ya zama iska ya fice. Tsutsotsi da 'yan ƙananan ƙwarin ruwa su ma suna hayayyafa a ciki, ruwa ya kwaso su ya kai wa kifi su ci. Mutane da yawa sun yi kiwo ta wannan hanya sun ga kyau, ba kuwa mafarki suka yi ba.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya sayi taɓon ba taɓo kaɗai ya ƙara wa akwatinsa ba. Ya ƙara yawan ruwa, ya ƙara ciyawa, ya ƙara fitila. Ciyawar ita ke shanye naitiret da sauran dauɗa, mai kiwo ya yanke ta ya zubar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan: ciyawa ta yi aiki, taɓo ya sha yabo. Shi kuma aikin da bakteriya ke yi a ƙasan taɓo, suna yin irinsa a cikin yashi mai laushi in an zuba shi da kauri. Ƙarfen ma ana sayar da shi a kwalba, a ɗiga gwargwadon bukata, mutum ya san abin da ya zuba. Na taɓo kuwa ba a iya auna abin da ya saki yau, ko abin da zai saki gobe.

Bugu da ƙari, an daɗe ana kiwon murjani babu taɓo. Tun farkon shekarun 1960 Lee Chin Eng na Jakarta ya nuna ana iya riƙe halittun teku da duwatsu masu rai da iska kawai. A shekarun 1970 masu kiwo na birnin Balin a Jamus suka kafa tasu hanya, ta duwatsu masu rai da haske mai ƙarfi da injin da ke fitar da dauɗa cikin kumfa. Har yau wannan hanya ita ce ginshiƙin yawancin akwatunan da a ke yabo.

Abin dariya ma shi ne, murjani mai gina tsauni ba ya shiri da laka. Ruwa garai-garai ya ke so. Laka da ruwan daɗi da manyan koguna irin su Kwara ke kwararowa teku suna cikin dalilan da suka sa gaɓar tekunmu ba ta da tsaunukan murjani irin na Bahar Maliya. Saboda haka in taɓon ya motsu ya shiga babban akwati, ruwa zai yi duhu, ƙura ta kwanta a kan abin da a ke son ceto.

A ganina hanyar raba gardama ɗaya ce, kowane manomi ma ya san ta. In kana son sanin amfanin taki, sai ka raba gona biyu, iri ɗaya, shuka rana ɗaya, ka zuba wa rabi ka bar rabi. Haka nan a sami akwatuna masu kama da juna a kome, a sa wa wasu taɓo, wasu yashi, a jira shekara. Hoton akwati mai kyau a jikin kwalin talla ba ya maye gurbin wannan gwaji, domin ba a ɗaukar hoton wanda ya mutu.

Mu koma Ikoyi. Kafin a aika da dala ko ɗaya, na ce wa ɗan garin namu ya tsoma ma'aunin zafi a ruwan da tsakar dare. Ya tarar da digiri 31. Ashe injin sanyaya ruwan ba a haɗa shi da janareta ba, duk sa'ad da aka ɗauke wuta sai ruwan ya yi ta ɗumama har gari ya waye. Da an cika akwatin nan da taɓon duniya duka, da bai hana murjanin koɗewa ba. An kira mai gyaran wuta ya haɗa wayar. Ko murjanin zai farfaɗo, Allah ne Masani, amma yaron yana nan bakin aikinsa.

Jama'a, taɓon nan ba guba ba ne, ba kuma abin al'ajabi ba ne. Wanda ke da kuɗi yana sha'awa, ya saya. Amma duk wanda aka danƙa wa amanar irin wannan akwati, ya fara duba zafin ruwa, da gishiri, da haske, da tsabta, kafin ya saurari dillali. Gani ya kori ji.