Yaƙi Ɗaya, Kowa da Sunan da Ya Ba Shi

A darasin ilimin ma'ana an nuna mana cewa sunan da mutum ya ba abu yakan tona inda yake tsaye. Yaƙin Rasha da Yukren ya ishe mu misali.

Ranar 24 ga Fabrairu, 2022 sojojin Rasha suka kutsa Yukren. Mutumin Yukren mamaya yake kiran abin, domin a kansa ya faɗo. Mazauna Kiev sun yi ta kwana a tashoshin jirgi na ƙarƙashin ƙasa saboda ruwan bama-bamai. Miliyoyi suka yi gudun hijira, galibi mata da yara, tunda a shekarar an hana maza 'yan shekara 18 zuwa 60 fita. Da hunturu ya kama aka koma kai hari kan tashoshin lantarki, a ƙasar da ruwa ke daskarewa don sanyi.

A Rasha kuwa gwamnati ta raɗa masa "aikin soja na musamman". A watan Maris aka kafa dokar ɗauri har na shekara 15 ga wanda ya yaɗa abin da hukuma ta kira ƙarya game da sojoji, kalmar "yaƙi" kanta ta zama abin taka-tsantsan. Mazaunin Mosko ya ci gaba da harkokinsa, sai a Satumba da aka ce za a ɗebi mutum 300,000 aikin soja, sannan samari suka yi ta tsallakawa Jojiya da Kazakistan.

Mu kuma a Kpakungu a teburin mai shayi ya same mu. Ƙasashen biyu manyan masu sayar da alkama ne, Nijeriya kuwa daga waje take sayo mafi yawan wadda take ci. Fulawa ta tashi, burodi ya ƙanƙance. Ana kurɓar shayi ana gardamar Putin da NATO kamar gardamar ƙwallo, mu ce "rikicin Turawa".

Wannan suna bai kwanta mini ba. A Afrilun 2021 mutanen Shiroro da Munya sun cika makarantar firamare ta IBB a nan Minna, bayan 'yan bindiga sun kore su daga ƙauyukansu. Mu na cikin gari "matsalar tsaro" muka ce, muka wuce kasuwa. Su kuwa a azuzuwan yara suka kwana, gonakinsu na can ba mai nomawa ga damina ta ƙarato.